Bazukar da Tsoho Ya Bar Mini

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan. Tsorona kada wani ya karanta rabi ya tafi yana cewa muna ajiye da makami a gida. Muna ajiye da shi ɗin, amma ku yi haƙuri ku kai ƙarshe.

Da na zo jihar Maryland ta Amurka daga Kumasi, aikin kula da tsofaffi na samu. Aka tura ni garin Clinton, gidan wani tsohon Bature da hannunsa ke rawa. Makanike ne a da, bai taɓa aikin soja ba, amma ɗakinsa na ƙasa cike yake da makaman fasa tankar yaƙi na zamanin yaƙin duniya na biyu. Akwai bindigogin da suka fi ni tsawo, akwai bututun ƙarfe da ake saɓawa a kafaɗa, wanda yake kira bazuka. Ya ce duk an lalata su, ba sa harbi. Ya nuna mini ramin da aka huda a jikin kowanne da ƙarfen da aka toshe bakinsa da walda. Duk da haka ba na bi ta gabansu, ta baya nake zagayawa. Ran da ya lura ya yi dariya har da tari, ya ce ai bazuka ta baya take feso wuta. Tun daga nan na rasa ta inda zan bi.

Ranar Asabar nake shafa musu mai da tsumma, shi yana zaune yana nuna mini inda tsatsa ke shirin kamawa.

Da jikinsa ya yi nauyi, 'yarsa ta shirya kai shi gidan tsofaffi, ta nemo masu sayen kayan. Ranar da za a kwashe, ya ware wata koriyar bazuka, wadda ya fara mallaka, ya miƙo mini.

"Ke kaɗai kika iya shafa mata mai," ya ce. "Kada ki bari ta yi tsatsa."

A gidanmu ba a mayar wa babba kyauta, balle mara lafiya. Na rusuna na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Sai da na shiga mota hankalina ya dawo jikina. Ga ni da hijabi, a shekarun da ake yi mana wani irin kallo, mu Musulmi, ga bazuka a naɗe cikin bargo. Har gidanmu a Hyattsville addu'a nake yi.

Maigidana, direban tasi, ya buɗe bargon, ya ce:

"Hajiya, matan mutane cefane suke dawowa da shi. Ke da wa za ki yi yaƙi?"

Ya ce a yar da ita. Na ce a ina? In masu kwasar shara suka gani za a rufe unguwa. Zuwa wurin 'yan sanda kuwa shi da kansa ya ƙi, don takardunsa na zama a ƙasar ba su fito ba a lokacin. Daga baya na kira 'yar tsohon, ta ce mahaifinta ya rasu, kyauta kuma tawa ce. Malamin da na tambaya a masallaci shi ma ya ce mallakata ce, in yi yadda na ga dama. Ni dai amana na ji a muryar tsohon.

Tun lokacin tana ƙarƙashin gadonmu. In masu feshin kyankyaso suka shigo, sai in zauna a bakin gadon ina lazimi har su fita. Ranar Asabar in kulle ƙofa in shafa mata mai. Maigida har yau Kwamanda yake kirana.

Yanzu mun yanke shawarar komawa Kumasi. Ba ta shiga jirgi, ba zan kuma sa ta cikin gangar kayan da za mu aika ba. Don Allah, in akwai wanda ya san gidan tarihi ko mai tara irin waɗannan kaya da zai karɓe ta bisa doka, ba tare da an tara mana jama'a a ƙofar gida ba, ya sanar da ni. Ba sayarwa zan yi ba. Sai dai ina so in ga mutumin da idona, in nuna masa gefen maƙallinta, inda tsatsa ke fara kamawa.