Yatsun Malam Sale Tela

Ina bakin aiki a garin Yanbu na Saudiyya da hantsi aka ce ana kira na a waya. Muryar Hauwa ce, babbar 'yar Malam Sale: "Kawu Adamu, Baba ya rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na nemi motar Madina, ko takalmin aiki ban cire ba.

Malam Sale tela ne a unguwar Ƙurban ta Madina, amma malamin makaranta ne a Sudan kafin ya zo hajji ya zauna. Yana da wani tsohon littafin Turanci, labarin wani maraya ɗan duniya a Ingila ta da, mai yawon barance daga wannan ubangida zuwa wancan: a zane shi, ya yi sata, a ɗaure shi, ya gudu. Bayan la'asar Malam yakan juya mana shi da Hausa yana taka keke, mu yi ta dariyar alƙalin da ke rataye ɓarawon burodi, ya je ya ci abinci da ɓarawon gona. Yakan ce, "Ku yi dariya a hankali, Baturen nan ba mutanensa kaɗai yake zagi ba."

Lokacin ni sabon zuwa ne daga Chadi, ina leburanci a hannun wani ɗan kwangila, Alhaji Bala. Mugu ne, Allah na gani. Da tiyon ruwa yake dukanmu, kuma ba mu da bakin ƙara, don shi ne kafilinmu, zamanmu a ƙasar a hannunsa yake. Ranar da ya farfasa min baya saboda siminti ya jiƙe, Malam ya ɗaga rigata ya duba, ya shafa min man zaitun.

Washegari Alhaji ya zo karɓar ɗinki, shago cike da mutane. Sai Malam ya ɗauko littafin, ya karanto daidai wurin da wani attajiri ke tsula wa baransa bulala har jini, ya wanke hannu, ya je sahun gaba a coci yana hawaye. Kowa ya juya ya dubi Alhaji.

Alhaji ya ce, "Ya shaihu, da ni kake?"

"Ban ambaci kowa ba, Alhaji. Marubucin ya mutu tun ba a haifi kakanka ba. In ya san ka, ba ni na gaya masa ba."

Alhaji ya fizgi dutsen guga ya maka masa a hannun dama. Wallahi har yau ina jin ƙarar ƙashin nan. Ya sake makawa, jini ya fantsama a kan farin yadi, da kyar aka danne Alhaji.

Dattawan unguwa suka zauna, suka tambayi Malam ko diyya yake so ko 'yan sanda. Ya ce ba ko ɗaya, a sake mu leburorin Alhaji kawai mu koma hannun wani. Aka sake mu. Shi kuwa bai ƙara riƙe almakashi ba, shayi ya koma sayarwa har ƙarshen ransa. Da na je ina kuka ina ba shi haƙuri, cewa ya yi, "Halas, ya wuce, Adamu. Yatsuna goma ne, bayanka kuwa ɗaya."

Da na isa Madina, ni na yi wa gawarsa wanka. Da na zo hannun daman na yi ƙoƙarin miƙe yatsun, suka ƙi. Haka na wanke su a lanƙwashe.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Sale, ka yafe masa kurakuransa, ka miƙa masa littafinsa a wannan hannun da ya karye dominmu. Ka ba Hauwa da ƙannenta da mahaifiyarsu haƙuri, ka tsare bayansu. Amin.