Alhaji Bawa da Kamfanin da Ya Saye Kasuwa

Alhaji Bawa ba ya aika saƙo a waya, kun sani. Suna ne, ɗaurin aure ne, rasuwa ce, sai ya tada tsohuwar motarsa ya zo ƙofarka ya faɗa da bakinsa.

Ni da shi ba mu yi boko ba. Kaya muka ɗauka a sito a Wendover, nan ƙasar waje, har bayanmu ya mutu. Amma da ya ji gwamnati ta maka babban kamfanin shafukan sada zumunta a kotu, wai ya saye ƙananan da ke gasa da shi, sai Alhaji ya zama lauya.

"Isa, sun kama mahaucin!"

"Wane mahauci?"

"Wanda ya saye rumfunan kasuwa kaf! In ya auna maka ƙashi, gun wa za ka koma?"

'Yarsa Binta ta so sa shi a guruf ɗinmu na Hausawa a waya. "Baba, kyauta ne fa."

"Kyauta? Ni ma kyauta nake ba ragunana masara."

Ragunan ke nan da yake kiwo a Pleasant Garden. Duk mai son layya, sai wurinsa. Da Malam Fuseini, mutumin Kumasi, ya fara kiwo, Alhaji ya je ya saye nasa duka.

Na ce, "Alhaji, kai ma kotu ta kamace ka."

"Kai, Isa! Ni ai sahu ɗaya muke bi da ku a masallaci!"

Muna yi masa dariya, amma tsoronsa na gaske ne. Yakan ce ranar da mai rumfa ɗaya ya kulle, mutum zai mutu a garin nan ba a ji ba. "In na riga ka, Isa, ka kai labarin da ƙafarka."

Ya riga ni. Kafin in sami makullin mota, yara sun baza a guruf. Duk da haka na fita, gida gida.

A Summerfield Hajiya Rabi, ɗaya daga cikin mutanenmu, ta buɗe ƙofa, waya a hannu. "Malam Isa, ai mun gani."

"Ban tambaye ki ba, Hajiya. Alhaji Bawa ya rasu."

Sai a lokacin ta fashe da kuka.

Shari'ar, ban san inda ta kwana ba. Shi dai, Allah Ya jiƙansa, Ya buɗe masa ƙofa kamar yadda ya riƙa zuwa ƙofofinmu. Amin.