Mai Shuɗiyar Riga a Kasuwar Babura

Zauren danginmu na waya, don sanar da biki da suna da rasuwa aka buɗe shi. Ƙanina mai gyaran waya a bakin tashar Kazaure shi ya buɗe, ya zuba duk wani mai babbar waya a dangi, tun daga na Roni har na Babura. Ni koyarwa nake yi a firamare, ba na leƙawa sai an tashi daga makaranta, kuma yawanci abin da nake tararwa bai wuce gaisuwar Juma'a mai furanni ba.

Wata rana bayan girbi na dawo gida na kunna data, sai wayar ta kama tsuwa ba ƙaƙƙautawa. An turo hoton wani yaro fari siriri da 'yar riga mai ratsi, an rubuta cewa ya ɓata a kasuwar Babura. Iyayensa makiyaya ne daga wata ruga a wajen Gwiwa. Uban ya kawo wani sa daga garkensu zai sayar, uwar ta biyo shi don ta sayi ƙorai. Ta sunkuya tana zaɓe, ta ɗago ba yaro. An kai rahoto wurin hukuma, an yi cigiya a masallatai, an leƙa rijiyoyi, shiru.

Da farko addu'a kowa ya yi, Allah ya bayyana, amin, amin. Da a nan muka tsaya da mun kyauta. Sai Kawu ya shigo.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, tsohon malamin gona, ya yi ritaya 'ya'yansa suka saya masa babbar waya don ya rage zaman shiru. Ba ya rubutu, sai saƙon murya. Zai fara da gyaran murya, ya yi sallama, ya gai da kowa da iyalinsa, zakara ya yi cara a bayansa, ya tsaya ya kore shi, sannan ya shiga magana. Ranar ya ce, "Jama'a, duk mai magana ya bi a hankali, domin ni ina cikin kasuwar nan ranar da abin ya faru. Da ƙafata na shiga, da ƙafata na fito."

Shi ke nan Kawu ya zama shugaban bincike, ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya isa ya sauke shi. Gwaggonmu ta Roni ta ce aikin iska ne, a nemi mai addu'a. 'Yan'uwanmu na Babura suka ce an tsallaka da yaron Nijar, don an ga baƙi da sefa, kuɗin can, a hannu ranar. Aka tuna musu cewa kowace kasuwa ana ganin baƙi da sefa a Babura, suka ce to ai shi ya sa.

Ana cikin haka wani hoto ya faɗo zauren. Wani dillalin shanu ne ya ɗauki bijimi a kasuwar ranar don ya nuna wa mai saye. Bijimin ya fito tas. Amma can gefe, bayan jelarsa, akwai wani mutum da shuɗiyar riga ya juya baya, hularsa a karkace, ga wani abu gajere tsaye kusa da shi, ya ɗora masa hannu a ka. Ƙanina ya buɗa hoton har ya dishe, ya zagaye wurin da jan layi, ya rubuta, "Ku duba da kyau."

Muka duba da kyau. Ni da kaina na ɗauko rula daga jakar makaranta na ɗora a kan gilashin waya, na auna gajeren abin da tsawon mutumin, na sanar da zaure cewa a matsayina na malama wannan tsayin ɗan shekara huɗu ne. Aka yi ta sa mini albarka.

Kawu kuwa ƙeya ya kama. Ya ce, "Ku dubi ƙeyar nan. Na yi shekaru ina yawo ƙauye-ƙauye, na san ƙeyar mutumin kirki in na gan ta. Wannan ba ita ba ce. Sannan ku lura da tsayuwarsa, ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya. Tsayuwar mai shirin gudu ke nan." Washegari ya ƙaro wani saƙon, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na kwana ina tunani, na tuno shi. Na gan shi wajen 'yan turame. Muka haɗa ido, ya yi maza ya sunkuyar da kai. Tun a lokacin raina bai kwanta da shi ba."

Gwaggo, wadda ta riga ta ajiye maganar iska, ta ce ta san mai rigar. Wani mai barkono ne a Roni, ba ya zuwa biki, ba ya zuwa suna, in ka gaishe shi da kai yake amsawa. Ƙanina ya rufe shago ya hau acaɓa har Roni don ya ɗauko mana hoton ƙeyarsa. Matsalar ita ce mai barkono bango yake jingina da shi. Ƙanina ya sayi barkono, mutumin bai juya ba. Ya ƙara saye, bai juya ba. A ƙarshe ya ce shi na buhun can baya yake so, mutumin ya miƙe ya juya, ƙanina ya ɗaga waya, atishawa ta kubce masa, hoton ya fito rabin ƙeya rabin rumfa. Duk da haka zaure ya rabu biyu a kan rabin ƙeyar nan. Wasu suka ce ita ce, wasu suka ce ta fi kauri. Da na ji samarin dangi sun fara maganar a haɗu a je wa mai barkono, sai na ga abin ya wuce wasa, don na san abin da taron mutane yake iya yi wa wanda aka kira ɓarawon yara.

Ranar Asabar na je gidan Kawu da niyyar in roƙe shi ya tsawatar. Na same shi a kan tabarma a gindin darbejiya, tabarau a kan hanci, yana ta shafa waya. Matarsa, wadda muke kira Inna, tana gefe tana tsince wake. Ita ba ta cikin zauren, ƙaramar waya mai tocila take riƙewa, ba ta san ma ana yi ba.

Kafin in buɗe baki Kawu ya ce mata, "Ke zo ki ga ɓarawon yara, ko kya san irinsu."

Inna ta goge hannu a zane, ta karɓi wayar, ta nesanta ta da fuska, ta matso da ita. Ta ce, "Malam, wannan ai kai ne."

Kawu ya ce, "Wane irin ni?"

"Kai mana. Ga facin da na yi maka a kafaɗa ranar da ƙusar rumbu ta yage rigar. Ga hularka da kullum nake cewa ka gyara. Shekara nawa ina bin ƙeyar nan a baya in za mu unguwa?"

Kawu ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "To yaron fa?"

"Wane yaro? Turmina ne da ka sayo mini. Ga shi can."

Duk muka juya. Turmin yana tsaye a bakin madafa, sabo fil, da taɓarya jingine a jikinsa. Ɗan shekara huɗun da na auna da rula ke nan. Na toshe baki da mayafi, amma kafaɗuna suka tona ni.

Kawu ya daɗe yana kallon turmin. Can ya ce, a hankali, "To wanda muka haɗa ido da shi fa?"

Inna ta koma kan wakenta ta ce, "Sai dai in da bijimin kuka haɗa."

Da farko cewa ya yi maganar ta tsaya a tsakaninmu. Na ce, "Kawu, mai barkono fa? Yaran nan da gaske suke." Ya ja carbi, sannan ya danna waya. Ban taɓa jin ya yi gajeren saƙo irin wannan ba, ko gaisuwa babu. Ya ce, "Jama'a, a fita harkar mai barkono, ba ruwansa. Mai shuɗiyar riga an gano shi. Mutumin kirki ne, na san shi tun yana yaro." Bai kai ga ɗage yatsa ba Inna ta ɗaga murya daga inda take, "Ka ce musu kai ne mana!" Haka saƙon ya tafi da muryarta a ƙarshe.

Abin da aka yi a zauren ranar ba ya faɗuwa. Gwaggo ta turo saƙon murya wanda babu kalma ko ɗaya a ciki, dariya ce kawai da tari. Kawu ya ɗauke ƙafa kwana da kwanaki. Da ya dawo, muryarsa ta sauya. Ya ce, "Mun yi surutu mai yawa a kan ɗan mutane, amma a cikinmu akwai wanda ya je ya yi wa iyayensa jaje?"

Mu uku muka je, ni da Kawu da ƙanina. Muka shiga mota zuwa Gwiwa, daga nan muka hau babura muka bi ta cikin gonakin da aka girbe, muna tambaya har muka isa rugar. Uban ba ya nan, ya bi kasuwannin bakin iyaka yana cigiya. Uwar ce ta shimfiɗa mana tabarma, yarinya ce ba ta kai ni ba, da goyo a baya, Hausarta da ɗan gargada. Ta kawo mana fura, muka yi mata jaje, ta yi ta ce wa Kawu, "Mun gode, Baffa."

Muna zaune sai wani yaro ya fito daga bayan bukka yana jan ɗan maraƙi. Fari siriri, da riga mai ratsi. Ƙanina ya zabura har ya kusa kifar da ƙwaryar fura. "Wallahi ga shi nan! An gan shi!" Har ya fara lalubar waya.

Matar ta ce, "A'a, wannan wansa ne."

Ta yi mana bayani. Ƙaramin ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Da aka ce sai an kawo hoto, ƙanin mijinta ya ba da na babban, tunda suna kama. Tun daga ranar babban bai ƙara shiga kasuwa lafiya ba. Da ya leƙa Gwiwa sai wani ya cafke shi, a taru, a ɗora shi a babur a kawo shi gida ana kabbara. Ya yi ta cewa shi ba ɓata ya yi ba, aikensa aka yi, a ce masa ya yi shiru, ruɗewa ce. Wata rana ma har da tsire aka saya masa a hanya. Ta faɗi wannan tana dariya, mu ma muka yi. Sai ta sa bakin zane ta share ido. Ta ce, "Kowane lokaci na ji kabbara daga nesa sai in fito da gudu. Na san shi ne za a kawo, amma sai na fito."

Kawu ya gyara zama ya ce, "'Yata, faɗa mana kamanninsa da bakinki. In kin yarda in ɗauki muryarki, mutane su ji daga gare ki."

Ta yarda. Ta ce yana da tabon ƙuna a wuyan hannun hagu, inda ya taɓa tukunya. Haƙorinsa ɗaya na gaba ya ɗan ɓalle. Yana tsoron ƙarar babur, in ya ji sai ya toshe kunne ya tsuguna. Kuma ba ya jin Hausa ko kaɗan, sai Fulatanci, saboda haka in an tambaye shi sunansa ba zai amsa ba. Duk tsawon makonnin da muka yi muna bincike, ko ɗaya daga cikin waɗannan ba mu sani ba.

Da za mu tafi ta riƙe ƙanina da magana. Ta kwance goyonta, ta gyara wa jaririyar hula, ta ce ya ɗauke ta hoto, ita kaɗai, fuskarta ta fito sosai. Ya ɗauka, daga baya ya wanko ya aika mata.

Mun goge hoton babban a zaurenmu, muka bi duk inda muka tura muna roƙon a goge a sa muryar uwar. Wasu sun yi, amma hoton ya riga ya yi nisa, har yau yana dawowa jefi-jefi daga wasu garuruwa, wani lokaci da sunan wata kasuwar daban. Yaron kuwa ba a gan shi ba. Uban yana fita ya dawo, ya sake fita. Kawu, duk kasuwar da ya shiga yanzu, hannun yara yake kallo, ya ma koyi yadda ake tambayar yaro sunansa da Fulatanci. Ni ma in aka kawo sabon ɗalibi ajinmu wanda ba ya magana, sai in kama hannunsa na hagu kamar zan gaishe shi, in ɗan juya shi in duba.