Takardar da Na Liƙa a Barandar Ofis

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Lawan makwancinsa a Gashuwa. Duk lokacin da watan rasuwarsa ya zagayo nakan ɗauki biro in ce bana zan rubuta wani abu a kansa, sai in tarar ina jera halayen kirkin da ake faɗa a kan kowane mamaci, in yaga takardar. Bana na daina yaudarar kaina. Abin da ya hana ni rubutun laifin da na yi masa ne, kuma shi zan faɗa.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Da damina yana noman shinkafa a fadama, da rani ya yi bandar kifi ya kai kasuwar Nguru. Boko da girmansa ya koye shi a ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa yake karatu a hankali, yatsa a kan layi. Ni ne ɗan bokon gidan, akawu a wani ofishin filaye da ke Nguru. Da na shigo gida ranar Juma'a da yamma zai ɗaga murya ya ce, "A gyara zama, Mai Hatimi ya iso!" Ina nuna kamar na ji haushi, alhali daɗi nake ji har cikin raina.

A bayan unguwarmu akwai wani kwari mai faɗi da ba na kowa ba. Da rani awaki ne da masu buga tubali a cikinsa. Da damina kuwa duk ruwan unguwar ta nan yake bi ya gangara kogi. Wanda bai taɓa yin damina a Gashuwa ba zai ɗauka fili ne aka bari a banza, kuma haka masu zana taswira suka ɗauka. Aka yanke shawarar a cike shi a yanka shaguna.

Ƙa'ida ta ce a sanar da jama'a, mai ƙorafi ya kawo. A ofishinmu sanarwa tana nufin takarda ɗaya da Turanci, a liƙa ta a allon da ke baranda bayan randar ruwa, akawu ya rubuta kwanan wata ya sa hannu. Aikina ne wannan. Tun daga layin farko na gane kwarinmu ne. Shugabana ya lura na tsaya ina kallon takardar, ya ce, "Kai ɗan Gashuwa ne, ko? To maganar ofis ka bar ta a ofis." A lokacin sunana yana cikin waɗanda ake duba wa ƙarin girma. Na liƙa takardar, na sa hannu, na koma kujerata.

Wata huɗu ina zuwa gida duk mako, muna cin tuwon shinkafa da miyar kifi a kwano ɗaya. Yakan tambaye ni me ake ciki a ofis, in ce sai zafin rana. Na riƙa gaya wa kaina ai gwamnati ta saba zana abin da ba za ta gina ba, wannan ma zai bi sahu. Ba zan iya cewa mantawa na yi ba. Duk lomar da na kai baki maganar tana raina, tsoro ne kawai ya rufe min baki. Yaya bai ji komai ba sai ranar da ya wayi gari ya ga an kafa turakun siminti a kwarin.

Ya tashi tsaye. Ya tara dattawan unguwa, ya ce su bar masa maganar, shi zai shige gaba. Ya sami lauya, ya kai shi kwarin da ƙafa, ya nuna masa inda ruwa ke tsayawa da inda yake karyawa. Amma a kotu ba wanda ya tambayi ruwa. Lauyan gwamnati ya miƙe ya ce doka wata uku ta ba mai ƙalubalantar irin wannan shawara, daga ranar da aka sanar, kuma ga shaidar ranar. Ina zaune a bencin baya, don ni aka aiko da fayil ɗin. Alƙali ya duba, ya ƙirga, ya kori ƙarar.

A waje Yaya ya karɓi kwafin shaidar daga hannun lauyansa, ya bi ta da yatsa har ƙasa. Turancin bai gane ba, amma sa hannuna ya sani, don ni nake rubuta masa wasiƙu. Ya daɗe a wurin. Sannan ya ninke takardar, ya sa a aljihu, ya ce, "Adamu, je ka tasha, kada motar Nguru ta cika ta bar ka." Daga ranar bai sake kira na Mai Hatimi ba, kuma bai taɓa tayar da maganar ba.

Mutanen unguwa ba su san da sa hannuna ba. Abin da suka sani shi ne Lawan ya ce a bar masa, kuma an kori ƙara saboda an makara. Wasu suka ce sakaci ya yi. Wasu suka ce ƙaninsa yana ofishin, ta yaya za a ce bai ji ba, ai toshe masa baki aka yi ya ja ƙafa da gangan. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta wanke shi ta jefa ni, bai furta ta ba. Ni ma da nake da baki, ban furta ba.

Damina ta biyu bayan an cike kwarin, ruwa ya rasa hanya ya shiga gidaje, katangu suka zube, har da ta Yaya. Ya yi ta yawo ofis ofis yana tambayar wa ke da alhakin magudanar ruwan da aka zana a taswira ba a gina ba. Nan a ce masa can, can a ce ɗan kwangila, ɗan kwangila kuma ba a san inda ya shiga ba. Yana cikin wannan zirga-zirga ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ciwon da ya ɗauke mana mutane da yawa a garin.

Kwanan nan nakan ji ana muhawara a rediyo kan gyara yadda ake kai ƙarar irin waɗannan shawarwari. Masu son gyaran suna cewa ƙararraki suna tsayar da hanyoyi da asibitoci, a rage wa'adi, a rage masu ikon shigar da ƙara. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Na san ba zai ƙi a yi aiki da sauri ba, mutumin da ya sha turin mota a hanyar Jakusko. Amma zai karkata kai ya tambaya: daga wace rana za a fara ƙirge? Ni da na ƙare aikina a wannan kujera ina da amsa. A fara ranar da aka faɗa wa mutane da harshensu, a bakin mai unguwa, a ƙofar masallaci, a kasuwa. A kuma bayyana sunan jami'in da zai amsa tambaya idan aikin ya cuci jama'a. Yanzu an ce sanarwa ta koma intanet, kuma ban ga bambancinsa da bayan randarmu ba ga manomin da ke fadama.

Makon jiya na je Gashuwa wajen Ya Zara, matar Yaya. Na same ta tana tsince shinkafa a faifai, na zauna na kwashe komai na faɗa mata. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani, Adamu. Tun ranar ya gaya min, ya ce kada in nuna maka. Ya ce kana da ƙananan yara, idan unguwa ta ji ba za ka sake shigowa garin nan da daɗin rai ba."

Na ce mata ai zan gyara, na rubuta gaskiyar duka, za a buga a jarida.

Nan ta ajiye faifan. "Jarida? A unguwar nan wa ka taɓa gani riƙe da jarida? Wato ka sake liƙa wata inda ba mai gani ke nan."

Kunya ta rufe ni, don gaskiya ta faɗa. Shagunan suna nan, ruwan yana nan duk damina, wannan ya fi ƙarfina yanzu. Abin da ya rage na Yaya Lawan a unguwar sunansa ne, kuma shekara da shekaru yana ɗauke da dauɗar da tawa ce. Na riga na yi wa liman magana ya ba ni minti biyar bayan sallar Juma'a mai zuwa. Waɗanda suka ce an toshe masa baki da yawansu suna raye, kuma a sahun gaba suke zama.