Motar Baba Fayil

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin ajiye katin marasa lafiya na asibiti, wani ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai gurnani, kantoci tun daga ƙasa har silin. Idan likita ya ce a nemo katin wata mata da ta zo da ciwon kunne shekara tara da suka wuce, ba ya tambayar lamba sau biyu. Zai tura tabarau bisa goshi, ya hau ɗan tsaninsa, ya sauko da katin a hannu. Daga nan sunan Baba Fayil ya kama shi, ya bi shi har gida, har jikokinsa ba su san yana da wani suna ba.

Motarsa, wata ƙarama ruwan toka, a hannun wani likitan yara ya saye ta tana da shekara biyu. Likitan ya haɗa masa da ɗan littafin sabis mai hatimi huɗu. Da Baba ya iso gida, kafin ma ya kira iyali su ga mota, sai da ya nemo koren fayil ya saka littafin a ciki.

"Malam, mota ka saya ko mara lafiya ka kwantar?" in ji matarsa, wadda kowa ke kira Inna.

"Duk abin da ke da ciki yana da tarihi," ya ce, yana rubuta lambar motar a bangon fayil.

Haka aka yi ta tafiya. Duk juyen baƙin mai, duk canjin filta, duk taya, sai bakanike ya rubuta kwanan wata da kilomitar da mita ta nuna, ya sa hannu, ya buga hatimi. Bakaniken farko da ya ce ba shi da hatimi, Baba da kansa ya je aka sassaƙa masa, ya kawo masa kyauta. A gareji idan suka hango ruwan tokar nan ta shawo kwana, sai ka ji wani ya ce, "A wanke hannu, ga jarrabawa nan ta iso."

Yaransa huɗu duk a cikinta suka koyi tuƙi, kuma duk sun sha faɗa. Ita ta kai su makaranta, ita ta ɗauko jikan farko daga asibiti.

Bayan ya yi ritaya da shekara shida, idanunsa suka fara yana. Ranar da ya yi wa tulin yashi hon yana jira ya matsa, Inna ta karɓe makulli ta jefa a jakarta. Kwana uku bai yi mata magana mai daɗi ba. A na huɗu ya ce, "To, a sayar. Amma ni zan zaɓi mai saye."

Dillalai biyu suka zo, suka daddaki taya da ƙafa, suka ce ai fenti za a sake a kai ta kasuwa. Ya raka su har bakin ƙofa da fara'a, ya kulle.

Ta uku wata tela ce, mai shagon ɗinkin labule a bakin titi. Ta zo da ƙanenta, babban bakanike mai garejin kansa, mutum mai ƙiba da ƙarancin magana. Fuskarta babu walwala. Tun kafin ta zauna ta ce, "Baba, gara in faɗa maka gaskiya. An taɓa cin amanata. Bara na sayi wata mota, jiki kamar madubi, mita ta ce ba ta yi tafiya ba. Wata biyu inji ya buga ina tsakiyar hanya da labulen mutane. Ashe mayar da mitar baya aka yi."

"Takardunta fa?"

"Mai ita ya ce sun ɓace wajen ƙaura."

"Kullum wajen ƙaura suke ɓacewa," in ji Baba. "Inna, a kawo mana shayi. Zauna, 'yata."

Ya shiga ɗaki ya fito rungume da fayil. Yanzu ba ɗaya ba ne, uku ne, an ɗaure su da igiyar takalmi. Ya ajiye a kan tebur har kofuna suka yi ƙara.

Bakanike ya kalli yayarsa. "Yaya, mota muka zo saye ko shari'a?"

Amma da ya buɗe shafin farko sai ya gyara zama. Ya sa yatsa a kan kilomita yana bi, shafi bayan shafi. Lambobin suna hawa a jere, babu inda suka yi tsalle, babu inda suka koma baya. Ya tashi ya leƙa mitar motar, ya dawo ya duba takardar ƙarshe, ya gyaɗa kai.

"Kin ga abin da nake gaya miki," ya ce da yayarsa. "Mita ana iya murɗa ta cikin minti goma. Amma hatimin gareji uku da rubutun mutum biyar na shekara ashirin, wa zai zauna ya ƙirƙira? Duba nan. An canja bel ɗin inji sau biyu, duk kafin lokacinsa ya cika. Shi ne ya tsinke a waccan motar taki."

"Wannan jar takardar fa?" ta tambaya.

Baba ya yi gyaran murya. "Haɗari ne. Autata tana koyon ribas, ta shiga ƙofar maƙwabci. An canja bamba da fitilar hagu. Ga hoton kafin gyara, ga na bayan gyara."

"Ga kuma hoton autar tana kuka," in ji Inna daga bakin kicin. "Shi ma ya so ya saka, na hana."

Tela ta yi dariya, karo na farko tun shigowarta.

Can bakanike ya tsaya. "Baba, a nan akwai magana. Wata goma sha ɗaya mita ba ta motsa ba, amma an yi juye."

"Ƙafata ce ta karye, na faɗo daga tsani a wurin aiki. Motar na ajiye. Amma mai ai yana tsufa ko ba a tuƙa ba."

Bakanike ya rufe fayil a hankali. Duk da haka sai da ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashin motar, ya zare sandar gwajin mai ya shinshina, ya tayar da inji ya kasa kunne, suka zaga unguwa sau biyu. Baba bai ji haushi ba. Cewa ya yi, "Haka ake yi. Mu ma likita ba ya karanta kati ya ƙi duba mutum."

Da suka dawo, tela ta ce ta yarda. Baba ya ce shi bai gama ba. Ya tambaye ta inda za ta riƙa ajiye motar, a rana ko a inuwa. Ya tambayi nauyin labulen da take ɗauka. Ya tambayi bakanike ko yana da hatimi.

"Ina da shi, Baba."

"Na roba ko na gaske?"

"Malam, ka bar bayin Allah su tafi gida," in ji Inna.

Suka daidaita ba tare da ja-in-ja ba. Da motar ta fita daga gidan, Baba ya tsaya a bakin ƙofa har ƙarar injin ta ɓace, sannan ya ce idonsa ne ke ruwa saboda yanar nan. Inna ta ƙara masa shayi.

Bayan wata biyar aka sa ranar yi masa aikin ido. Tela ta ji labari a bakin ƙanenta, ta buga waya ta ce babu wani tasi, ita za ta kai shi. Da safe ta iso a cikin motar da ya sayar mata. Inna ta riga shi buɗe ƙofar gaba ta zauna abinta, ta ce yau ita ma za ta ga hanya. Baba ya shiga baya, karo na farko a rayuwarsa.

Ba su kai ƙarshen layi ba ya fara mutsu-mutsu. Ya matsa dama, ya matsa hagu. Da suka faɗa wani ɗan rami sai ya yi zumbur.

"Kai! Mene ne wannan yake sukana?"

"Ƙarfen sifirin ɗin kujera ne," in ji Inna, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Ɓangaren hagu. Tun shekarar da babban ɗanka ya gama sakandare. Duk ranar da ka ɗauko abokinka ka ba shi gaba, a kansa nake zama."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa ya fi sau hamsin. Ka ce in kawo a rubuce."

Tela ta kifa kai a sitiyari tana dariya, sai da ta gangara gefen titi ta tsaya. Baba ya lallaɓa ya koma ɓangaren dama, ya dafa kujerar gaba.

"'Yata," ya ce, "ki gaya wa ƙanenki ya gyara kujerar nan, ni na ɗauki nauyi. Ke kuma Inna, ki yi haƙuri."

"Na haƙura tun tuni," ta ce. "Ja mu je, 'yar nan, kada likita ya tashi."