Hoton Inna a Bangon Rahotonmu

Jama'a, yau rahoton shekara na ƙungiyarmu ya sa ƙato hawaye!

Na kai shi wurin mai buga takardu a Haɗejiya, don gobe za mu raba. Yana ganin bangon sai ya kashe inji.

Ya nuna hoton tsohuwar da muka ɗauka tana turara shinkafa a Auyo, ya ce cikin hawaye, "Innata ce! Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba!"

Nan take ya kira ta a waya: "Inna, ya kika yarda musu, ni kika hana ni?"

Ta ce, "Su aikina suka zo gani. Kai kullum sai ka ce in zauna a kujera kamar mara lafiya!"