Barka da arzikin da na je yi a Kusada

Hannuna na cikin nasa ya ce, "Ai na gane ka."

Maƙwabcinmu ne, makon jiya aka sako shi daga gidan yari. Zuwansa na biyu ke nan. Da farko ya sari wani manomi da adda, Allah ya yi mutumin da sauran kwana. Da ya fito ya daɓa wa abokin sana'ata, ɗan acaɓa, wuƙa a hanyar Yashe. Ni na tsinci gawar, ni na ba da shaida a kotu.

Kawu ne ya matsa mini in bi 'yan unguwa mu yi masa barka da arziki, wai in ban je ba za a ce gaba nake da gidansu.

Na ce, "Allah shi kiyaye gaba."

Ya yi murmushi, bai saki hannuna ba. "Amin. Kai ke kai 'yarka Islamiyya da la'asar, ko? Mai jan hijabin nan."

Wallahi lokacin da aka kama shi ba a ma haife ta ba.

A majalisarmu ni ne kullum mai cewa kada a yi gaggawar hukuncin kisa, alƙali na kuskure, mutum na tuba. Har yanzu ban ce ƙarya na faɗa ba. Amma tun ranar ban bar 'yar tawa ta taka ƙofar gida ba.

Jama'a, wanda aka saki ya sake zubar da jini, mi ya kamata a yi da shi? Ku ba ni amsa, don an kusa la'asar, ga ta can ta saka hijabinta tana jira na.